Alhakin Takobi: Na Maƙeri Ne Ko Na Mai Sara?

Gabatarwa

Ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara ake tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya. Akan yi fareti, a ajiye furanni, a saki tantabaru, manya su yi jawabi, sa'an nan kowa ya kama gabansa. A irin wannan rana ce gardama ta kaure tsakanina da abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai, wanda yake karatun injiniyan lantarki. Cewa ya yi tsohon sojan da ya fi kowa taɓa rayuwarmu, mu da muke zaune a ɗakin nan, babu ɗaya daga cikinmu da ya san ko da sunansa. Na ce ya faɗa mana. Sai ya ɗaga wayarsa ya ce, Jack Kilby, mutumin Amurka.

Na je na bincika labarin wannan bawan Allah, na kuwa tarar abokina yana da gaskiya. Amma binciken ya bar ni da wata tambaya wadda ta fi gardamar tamu nauyi, ita ce kuma nake so in kawo gaban mai karatu. Idan mutum ya ƙera abu, aka yi alheri da shi, aka kuma yi ɓarna da shi, nawa ne rabonsa a cikin kowanne? Kuma in ya mutu muka zo tunawa da shi, me ya kamata mu faɗa, me ya kamata mu bari?

Wane Ne Jack Kilby?

An haife shi ranar 8 ga Nuwamba, 1923, ya kuma tashi a wani ƙaramin gari mai suna Great Bend a jihar Kansas. Mahaifinsa shi ne shugaban wani kamfanin wutar lantarki na yankin. Yana yaro aka yi wata muguwar guguwar ƙanƙara wadda ta karya turakun wuta da na tarho, har uban ya rasa hanyar jin halin da mutanen ƙauyuka suke ciki, sai da ya nemi taimakon masu sha'awar rediyo da ke aika saƙo da na'urorin da suka harhaɗa a gidajensu. Ganin wannan shi ya sa wa yaron son aikin rediyo.

Da ya gama sakandare ya zauna jarrabawar shiga shahararriyar makarantar fasaha ta MIT, ya faɗi da maki 3 kacal. Wannan ya isa ya sanyaya zuciyar duk wani ɗalibi a cikinmu da ya taɓa ganin sunansa a jerin masu maimaita kwas. Sai ya tafi Jami'ar Illinois. Bai gama ba Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira Yaƙin Hitila, ya riske shi, ya shiga soja. Aka tura shi arewa maso gabashin Indiya, kusa da ƙasar Boma, watau Myanmar ta yau, inda aikinsa shi ne gyaran rediyon da ƙananan rundunoni suke shiga daji da su don yaƙar sojojin Japan. Rediyon wancan zamani kaya ne masu nauyi, ga saurin lalacewa a ƙasa mai ruwa da zafi, alhali kuwa ran mutanen da ke cikin dajin a kansu ya rataya. Bai zama babban hafsa ba. Mai gyaran rediyo ne a cikin kaki.

Bayan yaƙi ya koma jami'a, ya sami digiri a 1947, ya kama aiki da wani kamfani a birnin Milwaukee. A shekarar nan ta 1947 ce aka ƙirƙiro tiransisto, wanda ya maye gurbin kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila da masu gyara suke kira bawul. Domin mai karatu ya gane girman matsalar da ake ciki a lokacin, ya dubi kwamfutar ENIAC wadda aka gina wa sojan Amurka don lissafin harbin igwa. Tana da bawul wajen 18,000, nauyinta ya kai tan 30, kuma an liƙa mahaɗan wayoyinta da dalma, da hannu, a wurare miliyoyi. Tiransisto ya rage girma da zafi, amma bai rage yawan liƙi ba. Kowane ɗan yanki, da tiransisto da rizisto da kwandansa, dabam ake yinsa, sa'an nan a zo a haɗa da waya. In na'ura tana da mahaɗa dubu goma, guda ɗaya ya saki, to, duka ta tsaya.

A watan Mayu na 1958 Kilby ya koma kamfanin Texas Instruments a birnin Dallas. Da lokacin hutun ma'aikata ya zo kowa ya tafi, shi kuwa sabon ɗauka ne, bai cancanci hutu ba, aka bar shi kusan shi kaɗai a ɗakin gwaji. A nan tunani ya zo masa: tun da yake ana iya yin rizisto da kwandansa da irin sinadarin da ake yin tiransisto da shi, me zai hana a yi su duka a jikin ƙwaya ɗaya? Ya rubuta wannan a littafin aikinsa ranar 24 ga Yuli. Ranar 12 ga Satumba, 1958, ya tara shugabanninsa ya nuna musu wani ɗan ɓallin sinadarin jamaniyam wanda tsawonsa bai kai rabin inci ba, ya ba shi wuta, allon awo ya nuna yana aiki. Wannan ita ce kakar ƙwayar da masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano suke nufi in sun ce maka ai-si ɗinka ya ƙone.

Watanni kaɗan bayan haka wani injiniya mai suna Robert Noyce, na kamfanin Fairchild, ya fito da irin wannan dabara ba tare da ya ga ta Kilby ba. Tasa a kan silikon ya yi ta, kuma ta fi sauƙin bugawa da yawa. Kamfanonin biyu sun daɗe suna shari'a kafin su sasanta a 1966. Daga baya Kilby da abokan aikinsa biyu suka ƙera na'urar lissafi ta hannu a 1967. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks. Ya rasu a Dallas ranar 20 ga Yuni, 2005, yana da shekara 81.

Inda Gizo Ke Saƙa

Da a ce labarin a nan ya tsaya, da sai mu yi masa kirari mu tashi. To amma wa ya fara sayen ƙwayar? A farkon fitowarta tana da tsadar da mai yin rediyo ko talabijin ba zai iya kusantarta ba. A shekarun farko kusan duk abin da aka ƙera gwamnatin Amurka ce ta saye, don aikin soja da na sararin samaniya. A 1961 kamfanin su Kilby ya haɗa wa sojan saman Amurka wata ƙaramar kwamfuta da waɗannan ƙwayoyi. A 1962 kuma kamfanin ya sami aikin yin ƙwayoyin da za su riƙa jagorar makami mai linzami mai suna Minuteman II, wanda aka yi shi don ya ɗauki bam ɗin nukiliya daga wannan nahiya zuwa waccan. Watau kuɗin shirin yaƙi ne ya raini jaririyar har ta yi ƙarfi, ta yi arha, ta shiga aljihun talaka.

Ga shi kuwa yau ƙwayar nan tana cikin na'urar da likita yake duba mai juna biyu da ita, tana kuma cikin jirgin yaƙi marar matuƙi. Tana cikin wayar da ɗan ci-rani yake aika wa mahaifiyarsa kuɗi da ita, tana kuma cikin wayar da ɗan bindiga yake kiran iyalan wanda ya sace yana yanka musu kuɗin fansa. To, ina matsayin wanda ya fara ƙera ta?

Hujjar Masu Wanke Maƙeri

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan tambaya, domin ya daɗe da maƙera. Wuta ɗaya, uwar maƙera ɗaya, zuga-zugi ɗaya, su ne suke fitar da fartanya da lauje, su ne kuma suke fitar da mashi da takobi. Duk da haka ba mu taɓa jin an yi kisa da wuƙa alƙali ya aika a kamo maƙeri ba. Hasali ma sarauta muke ba shi, mu ce Sarkin Maƙera, domin in babu shi babu noma. A wannan ra'ayi, ƙarfe ba shi da niyya. Hannun da ya ɗaga shi ne yake da ita, saboda haka alhakin yana wuyan mai sara.

Masu wannan ra'ayi suna da misali na kusa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Nan da nan aka ga cewa ba 'yan bindiga kaɗai suke rayuwa da waya ba. Ɗan kasuwa ya kasa jin farashi, mai mara lafiya ya kasa kiran mota, wanda ɗansa yake Legas ya kasa jin muryarsa, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don neman inda sabis yake. Abin da aka ɗauke don mugu ɗaya, mutanen kirki dubu ne suka ji rashinsa. In haka ne kuwa, wanda ya ƙera asalin abin godiya ya cancanta.

Hujjar Masu Kama Maƙeri

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma tana da rami. Akwai bambanci tsakanin maƙerin da ya ƙera wuƙaƙe ya baza a kasuwa, da wanda sanannen ɗan fashi ya zo masa da dare ya ce a wasa masa adda, ya karɓi lada ya wasa. Na biyun ba zai ce ƙarfe ba shi da niyya mu saurare shi ba, domin ya san mai saye, ya kuma san abin da za a yi. Sani yana jawo alhaki. Kilby da kamfaninsa sun san mai sayensu sarai, sun kuma san abin da Minuteman yake ɗauke da shi.

Za a iya amsawa a ce mai sayen nan ba ɗan fashi ba ne a wurinsa, sojan ƙasarsa ne, shi ma kuma ya taɓa sa kakin. Lokacin kuwa na zaman ɗar-ɗar ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wadda ta harba tauraron Sputnik a 1957, abin da ya nuna tana da rokar da za ta iya kaiwa ko'ina. Maƙerin da ya yi wa dakarun garinsu kibau ranar da abokan gaba suka kewaye ganuwa, ba wanda zai kira shi mugu. Wannan amsa ta rage nauyin, sai dai ba ta sauke shi duka ba. Kibiya maharbi yana zaɓen wanda zai harba da ita. Bam ɗin nukiliya kuwa birni ake jefa wa, bai san soja ba, bai san jariri ba, kamar yadda aka gani a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Gaskiya ne ba a taɓa harba Minuteman a yaƙi ba, amma wanda ya taimaka aka gyara saitinsa bai san haka za ta kasance ba a ranar da yake aikin.

Ma'auni Uku

A nawa ɗan tunanin, kuskuren ɓangarorin biyu shi ne neman amsar i ko a'a, alhali alhaki abu ne mai awo. Ina ganin da abu uku za a auna shi. Na farko niyyar mai ƙira. Na biyu iyakar saninsa game da mai saye. Na uku yanayin abin da kansa, watau ko yana da wani aiki ban da cuta.

Mu gwada su a kan mutum uku. Mikhail Kalashnikov sojan tankar yaƙi ne na Rasha da aka raunata a 1941, ya ƙera bindigar AK-47 don kare ƙasarsa. Niyyarsa ba abin zargi ba ce. Amma bindiga aiki ɗaya ta iya, mu kuwa a Arewa mun san wannan aiki fiye da yadda muke so. Kafin rasuwarsa a 2013 ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana kansa. Tsoho mai shekara sama da 90 bai yi wannan tambaya don wasa ba. Alfred Nobel, mutumin Suwidin, ya fito da nakiyar dainamait a 1867. Ana fasa dutse da ita a yi hanya, ana kuma ɓarna da ita, shi kansa kuma ya mallaki masana'antar makamai daga baya. Da dukiyarsa aka kafa kyautar da aka ba Kilby. Shi kuwa Kilby, abin da ya sa a gaba shi ne rage yawan liƙi da waya, kuma abin da ya ƙera yana da aiki dubu wanda ba kisa ba. A ma'auni na ɗaya da na uku ya fita. A na biyu ne yake da rabo, gwargwadon aikin makamin da ya sani aka kuma yi a gabansa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da nake ganin ba ta da makawa: mudun da aka auna yabo da shi, da shi za a auna zargi. Wanda ya ce Kilby ne ya ba mu kowace waya da kowace na'urar asibiti, dole ya yarda shi ne ya ba ɗan bindiga tasa. In kuwa an ce kiran kuɗin fansa ya yi nisa da shi, hannaye da yawa sun shiga tsakani, to, na'urar asibitin ma haka. Abin sha'awa, shi mutumin bai taɓa karɓar yabon duka ba. Da aka ba shi kyautar Nobel ya nuna cewa dubban injiniyoyi ne suka kai abin inda ya kai, shi tunanin farko kawai ya kawo. Ya kuma ce da Noyce yana da rai da tare za su karɓa, domin Noyce ya rasu a 1990, kyautar kuwa ba a ba mamaci. Mutumin da ya ƙi cin ladan da ba nasa ba, bai kamata a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Nasa dai, ƙarami ne ko babba, a bar masa.

Ta'aziyya Dabam, Tarihi Dabam

A al'adarmu ba a tona asirin mamaci, kuma al'ada ce mai kyau. A zauren makoki alherin mutum ake faɗa, domin masu kuka ake lallashi. Amma ɗalibin ilmi ba a zauren makoki yake zaune ba. In muka mai da tarihi ya zama kirari, mun cuci na baya, don mun ɓoye musu inda na gaba ya yi tuntuɓe. In kuma muka mai da shi zambo, mun cuci mamacin. Tunawa ta gaskiya da Jack Kilby ita ce a ce: ga yaron da ya faɗi jarrabawa, ga sojan da ya gyara rediyo, ga injiniyan da ya warware matsalar da ta gagari manya, ga kuma makamin da aikinsa ya fara yi wa hidima. Duka huɗun mutum ɗaya ne.

Tunawar tana da wani gefe da ya shafe mu kai tsaye. A fagen yaƙin nan na Boma akwai dubban sojojin Afirka ta Yamma a runduna ta 81 da ta 82, da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa ce ma harshen bariki. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, sun shiga Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna da na Dodan a Legas duk daga can suka samo asali. A cikinsu akwai direbobi da makanikai da masu aikin sigina. Amurka ta yi doka a 1944 ta biya wa tsofaffin sojojinta kuɗin karatu. Namu kuwa da yawa sun dawo suna neman haƙƙinsu, har a birnin Ankara na ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe uku daga cikin tsofaffin sojojin da suka fito kai kuka. Kilby ya sauka daga jirgi ya tarar da jami'a da ɗakin gwaji suna jiransa. Mai sigina ɗan Katsina ko ɗan Bauci, me ya tarar?

Wannan ya nuna akwai mai alhaki na uku wanda tambayarmu ta farko ta manta da shi. Ban da maƙeri da mai sara, akwai garin da suke zaune. Gari ne yake yanke abin da zai saya a maƙera, fartanya ko takobi. Gari ne kuma yake yanke ko zai hura wa mai basira wuta ko zai bar ta ta mutu.

Kammalawa

Kada 'yan'uwana ɗaliban Hausa su ce wannan magana ta injiniyoyi ce. A ƙasar Ruwanda a 1994, gidan rediyon RTLM ya yi ta ingiza mutane su kashe maƙwabtansu. Akwatunan rediyon da aka saurara ba su san abin da suke faɗa ba. Masu iya magana ne suka zauna suka tsara kalmomin. Mu ma maƙera ne, harshe ne ƙarfenmu, kuma gobe za a zo mana da aiki: a fassara wannan, a tsara waƙar wancan ɗan siyasa, a rubuta sanarwar wane. Ladan zai yi daɗi, musamman ga wanda ya daɗe yana yawo da takardu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Saboda haka abin da na ɗauka daga rayuwar wannan tsohon soja tambayoyi ne da zan riƙa yi wa kaina kafin in karɓi aiki. Me nake nufi da shi? Wa yake saye, me kuma na sani game da shi? Abin da zan ƙera, yana da wani amfani in an cire cuta? Ba za su hana wani ya ɗauki aikina ya yi ɓarna da shi bayan raina ba, domin wannan ya fi ƙarfin kowane maƙeri. Za su dai hana ni in ce ban sani ba a inda na sani. Abokin nawa injiniya har yanzu yana kan bakansa cewa Kilby ba shi da ko ƙwayar laifi. Na bar wa masu karatu, malamai da ɗalibai, su raba mu a fitowa ta gaba.